Abin da Na Sa a Takalmin 'Yata

Sana'ata gyaran takalma. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina zaune a rumfa ɗaya a layin masu gyara, mai gyaran agogo a damana, mai ɗinkin jaka a haguna. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in ka miƙo mini takalminka zan gaya maka ƙafar da ka fi dogarawa, da ko kana jan dunduniya in kana tafiya. Na faɗi wannan ne don a san abin da na yi ba cikin rashin sani na yi shi ba.

Babbar 'yata aikin kashe gobara take so. Tana da shekara goma sha ɗaya shagon mai katifa ya kama da wuta a bayan layinmu. Bayan an kashe, mutane sun watse, ta tsaya tana kallon wata mata cikin ma'aikatan tana naɗe tiyo ita kaɗai, fuskarta baƙi ƙirin da hayaƙi. Daga ranar ba ta da zance sai wannan. 'Yan layi suka sa mata Kwana-kwana, sunan ya bi ta har gida, har uwarta in ta manta haka take kiran ta.

Ni ban taɓa son aikin ba. Ni mutum ne da in yaro ya wuce lokacin dawowa da minti goma, cikina ya fara ciwo. Ina duba risho sau biyu kafin in fita. Wanda yake haka ba ya yi wa 'yarsa fatan shiga gidan da ke ci. Sai dai akwai abin da na fi tsoro fiye da wutar, shi ne fuskar da take dawo da ita in an kore ta.

Sau biyu na ga fuskar nan. Ana ɗaukar ma'aikata sau ɗaya a shekara, kuma kafin a yi komai sai an auna tsawo. Mace sai ta kai santimita ɗari da sittin. Ana aunawa da takalmin da za a yi gudu da shi, kambas mai siririn tafi, mai awon yana duba tafin da ido kafin ka tsaya a jikin sanda. Wanda ya wuce sanda shi zai yi gudu, zagaye shida na fili cikin minti goma sha uku. Shekarar farko ta gaza da santimita ɗaya. Shekara ta biyu ma haka. Ko filin gudun ba ta taka ba. Ta dawo gida, ta wanke kambas ɗinta, ta shanya, washegari ta tafi shagon fenti inda take aiki. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ni ne na riƙa surutu. Na ce sandar a karkace take. Na ce mai awon ba ya gani da kyau. Na ce ai sun riga sun rubuta sunayen 'ya'yansu, awon don a rufe bakin mutane ne. Ita sai ta ce, "To, Baba," ta ci gaba da abin da take yi.

Bana ce ta ƙarshe, domin ba sa ɗaukar wanda ya haura shekara ashirin da biyar, ita kuwa saura wata huɗu ta haura.

Ta yi shiri irin nata. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke sayen fenti a shagonsu ta gaya mata mutum ya fi tsawo da safe, in ya yini a tsaye sai ƙashin bayansa ya ɗan zauna. Shekarun baya duk sai bayan azahar layi yake zuwa kanta. Muka gwada a jikin ƙofar ɗaki da tef ɗina. Da safe ta kai ɗari da sittin, amma da ƙyar, sai ka ce zanen ya zauna a kan gashinta. Da yamma ɗari da hamsin da tara. Ta ce ita za ta zama ta farko a layi, shi ke nan. Na ce in mai awon ya makara fa? In ya danna katakon a kanta da ƙarfi fa? Uwarta ta ce, "Baban yara, in kai ne mai awon ma sai ka sami abin tsoro."

Kowace Asabar ita da ƙawarta suna gudu a filin makarantar da ke bayan kasuwa. Ƙawar doguwa ce ƙwarai, shi ya sa ake ce mata Falwaya, ita ma aikin take nema. Mai Agogo, maƙwabcina, shi ke riƙe musu lokaci da wani tsohon agogon gudu da aka kawo masa gyara mai shi bai dawo ba. Ni ban taɓa zuwa ba. Nakan ce aiki ya yi mini yawa. Gaskiyar ita ce ba na iya kallon ta tana haki.

Saura kwana biyu ta kawo mini kambas ɗin rumfa, ta ce ɗinkin gefen ƙafar hagu ya fara saki, in kama mata. Ta ajiye ta wuce aiki.

Aikin minti biyar ne. Na gama, na riƙe takalmin ina juyawa. Na zare shimfiɗar ciki, wai don in duba ko ɗinkin ya fito ta can. Sai na ga wuri. Duk mai sana'ata ya san wurin. Masu ƙafa ɗaya gajeriya suna zuwa ina ƙara musu a nan, ba wanda ke ganewa daga waje.

Na ɗauko robar tafi mai tauri, na yanka biyu daidai dunduniya. Na fere su da wuƙa, kauri a baya, suna sirancewa zuwa tsakiyar ƙafa har su ɓace. Na goge da takardar yashi. Santimita ɗaya da ɗan ɗori. Na shafa gam kaɗan, na manna, na mayar da shimfiɗar a kai, na sa a ƙafar ƙarfe na daddoka da guduma.

Mai Agogo ya ɗago daga tebur, gilashinsa na ido ɗaya yana manne. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Malam, gyara kake yi ko bene kake ɗorawa?"

Na ce ya kula da agogonsa.

Ya tambaya ko yarinyar ta sani. Na ce ba sai ta sani ba, da ta sani ba za ta yarda ba. Ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Ya ce wata shida yana riƙe mata lokaci, ƙafarta ta saba da takalmin nan yadda yake, ba a sauya wa mai gudu dunduniya ana saura kwana biyu. Na ce shi ya san ƙafa ko ni? Ya ce ni na san ƙafa, ya mayar da kansa kan aikinsa. Daga baya, ba tare da ya dube ni ba, ya ce shi dai bai ga komai ba, ido ɗaya ma yake aiki da shi.

Na kai mata da yamma a leda. Ta yi godiya, ta saka ledar a jaka ba ta buɗe ba, don ta ce ba za ta ƙara gudu ba sai ranar, tana hutar da ƙafa.

Ranar awon ta fita tun gari bai gama wayewa ba, da silifa a ƙafa, kambas a jaka. Ni na tafi rumfa. Ban yi aikin kirki ba. Na ɗinka wa wani mutum maɗauri a juye, sai da na farke. Na soki yatsana da basilla, abin da na daɗe ban yi ba. Duk motar da ta yi hon a titi sai in ɗago.

Wajen la'asar ƙanwarta ta kira ni a waya ta ce Yaya ta dawo. Na tambaya yaya aka yi. Ta ce in dai zo.

Na tarar da ita zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafarta ta dama a cikin roba da ruwan ɗumi. Falwaya na gefenta ta sunkuyar da kai, kamar ita ce ta faɗi. Uwarta ce ta yi mini bayani. Ta wuce awo. Ita ce ta farko a layi, mai awon ya rubuta ɗari da sittin bai ko ɗago ba. Aka kai su fili. A zagaye na biyar ƙafarta ta riƙe, ta ƙarasa tana ɗingishi, ta shigo da sakan tara a kan lokaci. Falwaya ta shigo da sauran lokaci, an ɗauki sunanta.

Na tsaya ina kallon ƙafar da ke cikin ruwa. Na san abin da ƙarin dunduniya ke yi wa ƙafar da ba ta saba ba. Yana tura nauyi gaba, yana sa idon sawu rawa. Na sha gaya wa masu kawo mini aiki su yi sati suna takawa a hankali kafin su yi nisa da shi.

Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Na ce sannu. Na buɗe baki in ce ai masu riƙe agogon nan ba su da gaskiya, maganar ta ƙi fita. Na shige ɗaki.

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. Abinci in an ajiye sai in taɓa in ture. Uwarta ta ɗauka baƙin cikin faɗuwar ne, ta ce in rage, yarinyar tana kallona. Na nemi kambas ɗin in cire abin da na sa, ban gan shi a igiyar shanya ba, ban gan shi a bakin ƙofa ba, kuma ban iya tambaya ba. A rumfa Mai Agogo bai ce "na gaya maka" ba. Ya sayo mini shayi ya ajiye a kan benci, ya ce in sha tun da zafi, shi ke nan. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ita kuwa washegari ma ta tafi shagon fenti, tana ɗan jan ƙafa. Ranar ta biyu ta raka Falwaya ɗaukar hoton da aka ce su kai. Ta dawo tana ba uwarta labarin yadda mai hoton ya ja da baya har ya kusa fita daga shagon kafin Falwaya ta shiga gilashinsa duka. Suka yi dariya. Ni ina ɗaki ina jin su, ina cewa a raina yarinyar nan ba ta san ubanta ne ya kayar da ita ba.

Rana ta huɗu, lokacin hutunta na rana, ta zo rumfa. Ta gaida Mai Agogo, ta gaida mai jaka, ta zauna a bencin da masu jiran gyara ke zama. Ta ce uwarta ta ce na daina cin abinci. Mai Agogo ya miƙe ya ce bari ya je neman batir, shi da batir ke cike da durowarsa.

Na ajiye gudumar. Na gaya mata komai, yadda na yanka, yadda na fere, kaurinsa, har da gargaɗin da Mai Agogo ya yi mini na ƙi ji. Na ce ƙafarta ba haka kawai ta riƙe ba. Na ce shekara goma sha huɗu tana jiran filin nan, ni na ɓata mata da hannuna, kuma ban san da bakin da zan roƙe ta ba.

Ta saurare ni har na gama. Sai ta buɗe jakarta ta fito da robobin biyu, ta ajiye a kan tebur kusa da gwangwanin gam.

"A mota na cire su, Baba. Ina zura ƙafa na ji. A rumfar nan na girma, kana tsammani ba zan san takalmina ba?"

Na ɗauki ɗaya na juya. Na yi tunanin ko don ta sauƙaƙa mini take faɗa, ta cire su bayan an gama. Amma roba ba ta ɓoye wa mai sana'ata komai. In an yi gudu a kanta zagaye shida, tsakiyarta za ta lotsa, gumi zai ratsa shimfiɗar ya bar tabo, gam ɗin zai baje ya kama ƙura. Waɗannan suna nan yadda na goge su, har garin takardar yashi bai fita daga gefensu ba.

Na tambaye ta to me ya sami ƙafar.

Ta ce ita ce ta yi sauri a zagaye biyun farko. Ta ga Falwaya ta yi gaba, ta manta lissafin da suka saba da Mai Agogo, ta bi ta. A na biyar tsokar ƙwaurinta ta ɗaure. Ba komai ba ne illa wannan.

Na ce to ai ko filin ma ƙila ya fi na makaranta girma, kuma wa ya sani ko agogonsu...

"Baba, don Allah." Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara biyu sanda ke kora ta, ban yi komai ba a ce in tafi gida. Bana na shiga fili na yi gudu aka fi ni. Sakan tara ɗin nan nawa ne. Kada ka ba mai agogo, kada ka ba fili, kai ma kada ka ɗauka."

Na ajiye robar. Wani ya zo da takalmin makaranta a hannu, na ce ya dawo anjima.

Ta ce ta ji haushina, ba za ta ɓoye ba. Da ba ta ji su a motar ba, da mai awon ya zare shimfiɗar, da an rubuta mata maguɗi a gaban mutum ɗari biyu, kuma da wannan ne abin da za a riƙa tunawa da ita. Ta ce abin da ya fi yi mata zafi, ni da kaina na auna ta a jikin ƙofa na ga ta kai, amma ban yarda da tef ɗina ba. Kwana ukun nan da gangan ta yi shiru, tana jira ta ga ko zan faɗa. Na ce da ban faɗa ba fa? Ta ce da ta kawo mini su ranar Juma'a ta ce in sa wa wani, kada roba mai kyau ta lalace.

Na tambaye ta yanzu me za ta yi, tunda ƙofar nan ta rufu. Ina so ta ce mini wani abu da zan riƙe, ko wata makaranta, ko wani aiki. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta ce da safe in ta farka takan manta na ɗan lokaci, sai ta tuna, sai ta ji kamar an ɗora mata buhu a ƙirji. Ta ce in bar ta ta ji shi, kada in nema mata magani a satin nan. Ta duba wayarta ta ce lokacin komawa ya yi. Har ta miƙe ta ce in ci abinci, uwarta ta gaji da ɗumamawa.

Mai Agogo ya dawo ba batir a hannunsa. Ya ga robobin a tebur, ya ɗauki ɗaya ya duba da gilashinsa, ya ce aikin dai ya yi kyau, ba laifi, sai dai mai ginin bai nemi izinin mai fili ba.

Falwaya ta tafi horo bayan sati uku. 'Yata ce ta ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Da ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, wannan karon mun ji kukanta. Na miƙe, uwarta ta riƙe mini riga ta ce in zauna. Na zauna.

Asabar ɗin da ta biyo baya Mai Agogo ya ce mini yarinyar ta roƙe shi ya fito da agogon gudu. Na ce gudun me kuma, wa zai ɗauke ta? Ya ce shi ma ya tambaya, ta ce ba wanda zai ɗauke ta, so take ta sani ko minti goma sha ukun nan yana cikin ƙafarta ko ba ya ciki. Na ce zan biyo shi. Ya ce ba aiki ya yi mini yawa ba? Na jawo ƙofar rumfa na sa kwaɗo.

Filin ba kowa sai wasu tsofaffi biyu masu tattaki. Ta gan ni, ta sunkuya ta ɗaure igiyar kambas ɗinta. Mai Agogo ya ɗaga hannu ya sauke.

Ban san haka take gudu ba. Ba ta jan dunduniya, ba ta dogara ƙafa ɗaya, tafin yana sauka daidai. A zagaye na uku na fara jin hakinta in ta zo wucewa, na kama ƙarfen ragar ƙwallo na riƙe. A na biyar na zuba wa ƙwaurinta ido, bai ɗaure ba. Ta ƙarasa na shida, ta wuce mu da taku kaɗan, ta dafa gwiwoyi.

Mai Agogo ya karkato mini agogon. Minti goma sha uku da sakan huɗu. Ya dube ni, ya rage murya ya ce agogon fa tsoho ne, yatsansa ma ba ya saurin dannawa kamar da, sakan huɗu ba wani abu ba ne. Ita tana can a sunkuye, ba ta jin mu. Saura kaɗan in ce ya faɗa mata sha uku cif.

Ta ɗago tana haki ta ce, "Nawa?"

Na karɓi agogon daga hannunsa na karanta mata. "Sha uku da sakan huɗu."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a ƙasa ta kwance igiyar takalmin, ta ce wa Mai Agogo a zagaye na huɗu ta yi sanyi, ta ji a jikinta. Ya ce shi ma ya gani. Ta tambaye shi ko yana da lokaci Asabar mai zuwa, ya ce yana da shi. Sai ta juyo ta tambaye ni.

Na ce zan zo.